Abin da Ya Rage na Godiya

Joshuwa Bitrus ya kama haya a gidana da ke unguwar Kwamba a Suleja a shekarar da na ajiye alli na bar koyarwa. Mutumin kudancin Kaduna ne, ɗan wani manomin citta daga ƙauyukan da ke kewaye da Zonkwa. Dogo ne, siriri, mai sanyin murya, kuma ba ya wuce babba ba tare da ya rusuna ba. Ya karanci aikin gwaje-gwajen asibiti, ya yi shekaru yana duba jini da fitsari a wani ƙaramin asibiti a garinsu, kafin Allah ya buɗe masa aiki a wani ɗakin bincike a Abuja. Kamar yawancin masu aiki a can, a Suleja ya sami wurin kwana. Yakan bi motar sassafe, ya dawo wajen magariba a gajiye.

Matarsa Ladi tela ce. Ta kafa kekenta a barandar ɗakinsu, kuma ba a daɗe ba matan unguwa suka gane hannunta. Matata Zuwaira ta ɗauke ta kamar 'yar cikinta. Sun jima ba su sami haihuwa ba, shi ya sa da 'yar ta zo suka sa mata suna Godiya. Daga ranar babu wanda ya ƙara kiran su da sunayensu na asali a gidan nan. Shi ya zama Baban Godiya, ita ta zama Maman Godiya, kuma su kansu haka suke kiran juna.

Zuwaira ce ta fara lura cewa wuyan yarinyar ba ya tsayawa. Lokacin zama ya zo ya wuce ba ta zauna ba. Idanunta suka riƙa karkata, nono ba ya zama a cikinta, daga baya kuma sai jijjiga ta soma kama ta. An zagaya asibitoci, an gwada jininta har jijiyoyin hannunta suka ƙi samuwa, amma babu likitan da ya iya kiran sunan ciwon. Yarinya ce mai yawan murmushi. Idan uwarta ta taka keke, sai ta juya kai wajen ƙarar tana dariya, ko da kuwa jikinta na zafi.

A kwanciyarta ta ƙarshe a wani babban asibiti a Abuja, likitan da ke duba ta ya ba da shawarar a yanki ɗan fata daga damtsenta, wanda bai fi ƙwayar shinkafa girma ba, a kai ɗakin binciken da uban yake aiki. Iyayen biyu suka amince. Ladi ta gaya wa Zuwaira daga baya cewa ita ta ɗauka gwaji ne irin na jini, wanda ake dubawa yau a zubar gobe. Godiya ta rasu ba ta cika shekara uku ba. Aka binne ta a maƙabartar Kiristoci da ke hanyar Maje.

Wajen zaman makoki dangin Joshuwa suka zo daga gida. Gwaggonninsa biyu suka zauna a tsakar gidana suna magana a yarensu, suna tsammanin labule yana hana ji. Abin da suka ce shi ne, a dangin uwar Ladi an taɓa yin yara masu irin wannan mutuwa, saboda haka jinin gidansu ne ya ci yarinyar. Ladi tana bayan labulen. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma gaya wa mijinta a lokacin ba. Abin da ya fi muni shi ne ta yarda da maganar. Ta rage cin abinci, ta daina karɓar ɗinki, kuma da mijinta ya matsa mata da tambaya sai ta ce masa ya je ya nemi matar da jininta yake da tsabta.

A nan ne Joshuwa ya yi kuskuren da ya raba gidansa, kuma da kyakkyawar niyya ya yi shi. Wata rana da la'asar ya zaunar da ita a baranda, ya fito da wayarsa, ya nuna mata wani hoto mai motsi: wasu abubuwa sirara masu kama da ƙananan kifaye, kwance gefe da gefe a cikin ruwa. Ina zaune a ƙarƙashin mangwaro, ina jin su.

"Maman Godiya, duba nan. 'Yarmu ba ta tafi duka ba. Fatar nan da aka yanka, ƙwayoyinta ne waɗannan, suna nan da rai a wurin aikinmu. Ni nake ba su abinci. Da su zan gano abin da ya same ta, in rufe bakin kowa."

Ladi ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta tambaye shi a hankali, "Da rai?"

"Da rai. Har ƙaruwa suke yi."

"To me muka binne a Maje?"

Ta miƙe ta ɗora hannu a ka, ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba ko ranar rasuwar. Ta ce a gidansu ko gashi da farce ba a barin su a waje, tare da mai su suke shiga ƙasa. Ta ce 'yarta ta sha wahala a duniya, ga shi kuma ubanta ya hana ta hutawa, ya tsare ta a kwalba. Ban ga laifinta ba, domin mu ma Musulmi idan an yanke wa mutum gaɓa a asibiti karɓo ta muke yi mu binne, kuma ba ma jefar da mabiyiyar jariri. Shi ma ban ga laifinsa ba. Kafin mako ya zagayo ta haɗa kayanta ta tafi wajen yayanta Ɗanlami, wanda yake sayar da doya a bakin titi a Lambata. Keken ɗinkin ta bar shi a baranda, ta lulluɓe shi da tsohon zane.

Daga nan rayuwar Joshuwa ta koma ta mutum ɗaya. Ya rage fita, ya bar ƙungiyar mawaƙan cocinsu. Zuwaira takan aika masa tuwo, wani lokaci kwanon ya dawo kamar yadda ya tafi. Su waɗannan ƙwayoyi ba su san ranar hutu ba. Suna zaune ne a cikin wasu kwalabe na roba masu faɗi, cikin wani ruwa ja-ja, a wani akwati da ake riƙe ɗuminsa daidai da na jikin mutum. Bayan 'yan kwanaki ruwan yakan sauya launi, dole a zuƙe shi a zuba sabo. Abokan aikinsa sun yi masa tayin karɓar wannan aiki a ranakun hutu, ya ƙi. Kowace Lahadi idan an tashi daga coci, sauran mutane su nufi gida da iyalansu, shi kuma ya rataya jaka ya nufi tasha. Kirsimeti ta zo, masu haya suka watse zuwa garuruwansu, gidan ya rage daga mu sai shi. Ranar ma ya tafi Abuja.

Ni mutum ne mai son a yi mini bayani dalla-dalla, saboda haka wata rana na zaunar da shi na ce ya fahimtar da ni abin da yake nema. Idonsa ya sauka a kan keken matarsa, sannan ya fara.

"Baba Malam, ka ga yadda Maman Godiya take ɗinka riga? Ko ta gama ɗinki, rigar ba ta sawuwa sai an kafa mata maɓallai. To haka jiki yake ƙera wasu abubuwa da muke kira furotin, su ne ma'aikatan jiki. Da yawansu ba sa aiki sai an kafa musu wasu 'yan rassa na sukari. Ba sukarin shayi ba, danginsa ne dai. Masu kafa waɗannan maɓallai su ne muke kira enzayim. Idan ɗaya daga cikinsu ya nakasa, sai riguna su yi ta fita babu maɓalli, ƙwaƙwalwa ta rasa nata, hanta ta rasa nata. Shugabarmu tana zargin abin da ya sami Godiya ke nan."

Na ce, "To abin da ido ba ya gani, ta yaya za ka san an kafa ko ba a kafa ba?"

A karo na farko tun bayan tafiyar Ladi na ga fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce suna zuba wa ƙwayoyin wani sukari na musamman a cikin abincinsu, wanda aka maƙala wa ɗan ƙugiya. Ƙwayar ba ta bambance shi da na ainihi, sai ma'aikatanta su ɗauka su kafa shi a jikin furotin. Bayan haka sai a fasa ƙwayoyin, a kawo wani rini wanda ba ya kama komai sai wannan ƙugiya. Shi rinin, idan an haska shi da wata fitila ta musamman, yana ƙyalli kamar rigar nan da masu aikin titi suke sawa. Daga nan sai a ɗiga ruwan a bakin wani faifai mai laushi kamar kamu da ya daskare, wanda suke kira jel, a sakar masa wutar lantarki. Wutar tana jan furotin ɗin ta cikin jel ɗin, ƙanana su yi gaba, manya su yi baya, har su jeru layi-layi kamar matakalar tsani. Inda aka kafa maɓallai da yawa layin zai yi haske. Inda ba a kafa ba zai dushe.

Faɗar abin ta fi yin sa sauƙi. Daga ƙasashen waje ake sayo rinin, kuma ya yi watanni kafin ya iso. Ba ya son haske, saboda haka a ɗaki mai duhu ake aiki da shi, ana nannaɗe kwalabensa da takardar azurfa. Gwajin farko wuta ta ɗauke a tsakiyarsa, kafin janareta ya tashi layukan sun watse. Joshuwa ya sake shuka ƙwayoyi, ya sake jira. Domin a sami abin kwatantawa, ya miƙa nasa damtsen aka yanki fata, aka shuka ta a wata kwalba kusa da ta 'yarsa. Ya taɓa ce mini yakan jera kwalaben biyu su taɓa juna kafin ya rufe akwatin.

Da damina ta kankama na ce masa bai kamata a bar magana ta yi ta tsufa ba, mu je Lambata. Muka sami Ɗanlami a rumfarsa tsakanin tarin doya. Mutum ne gajere kakkaura, mai baki. Ni ya gaishe ni da ladabi, ya goge mini benci, sannan ya juya ga surukinsa.

"A'a! Likitan kwalba ne da kansa? Yau wa ka bar wa renon?"

"Yaya, ina wuni."

"Ka ci lafiyar. Kai da ka yi boko, gaya mini, a wane littafi aka ce uba ya riƙa kiwon 'yarsa kamar mai kiwon kifi?"

Na sa baki na ce mun zo neman sulhu ne. Aka kira Ladi daga bayan rumfa inda take soya doya. Ta rame ƙwarai. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi lafiyar Mama Zuwaira, amma mijinta ba ta dube shi ba sai da ya kira ta.

"Maman Godiya."

"Kada ka kira ni da sunan nan alhali ka san inda ka ajiye ta."

"Saura kaɗan. Don ke nake yi, don ki san ba ke ba ce."

"Ni ban aike ka ba. Ko ni ce, ko ba ni ba ce, ta riga ta tafi. Ka kawo mini 'yata in binne ta, shi ke nan abin da nake roƙo. Ranar da ka kawo, ranar zan bi ka. Duka fa, ba rabi ba."

Ɗanlami ya ƙara da cewa haƙurinsa yana da iyaka. Idan aka gama haƙar doya ba a yi abin da ƙanwarsa ta nema ba, zai mai da ita gida, ya tara manya a raba auren kowa ya huta.

Kaka ta matso, ban ga alamar komai ba. Duk lokacin da na tambaye shi sai ya ce saura gwaji ɗaya. Da na ga haka sai na ce ina son in ga wannan jel da idona. Ya nemi izinin shugabarsu, ta yarda. Sunanta Dakta Rahmatu, Bakanuwa ce mai matsakaicin shekaru, mai fara'a da saurin magana. Aka ba ni farar riga da safar hannu. Joshuwa ya ɗauko kwalbar daga akwati da hannu biyu, ya ɗora ta a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ya ce in leƙa. Na ga abin da Ladi ta gani a waya, shimfiɗe kamar saƙar tabarma. Na tuna yarinyar da take dariya idan an taka keke, na janye idona.

Sannan muka shiga ƙaramin ɗakin da babu taga. Ya sa jel ɗin a cikin na'ura, ya kashe fitila, hoto ya fito a allon kwamfuta. Tsani uku ne a tsaye a cikin baƙin fili. Na farko na wani mai lafiya ne, matakalansa kore shar suna ƙyalli. Na biyu nasa ne, da ƙyar za ka bambance shi da na farko. Na uku yana nan, amma kamar fitilar da batirinta ya kusa ƙarewa, wasu matakalan ma sai ka ƙura ido kafin ka gan su. Bai ce mini na wane ne ba, ni ma ban tambaya ba.

Da ya tafi wanke kayan aiki, Dakta Rahmatu ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa.

"Malam, kai ne kamar uba gare shi a nan, shi ya sa zan gaya maka. Amsar nan ta fito tun kafin azumi. Da muka ga wannan hoton mun aika jinin yarinyar da aka adana da nasa waje, an duba ƙwayoyin gado, an tabbatar. Ciwon nan kamar sikila yake, ba ya tasowa sai uba ya ba da rabi uwa ta ba da rabi. An sami rabin a jikinsa. Ya sani. Amma kullum sai ya ce layi kaza bai fito da kyau ba, bari ya maimaita. Rinin ma ya kusa ƙarewa. Ni na kasa hana shi."

A hanyar komawa cunkoso ya tsare mu wajen Madalla, dutsen Zuma yana tsaye a gabanmu. Ban san ta inda zan fara ba, sai kawai na ce masa Dakta ta yi mini magana. Ya daɗe yana kallon masu tallar ruwa ta taga.

"Baba Malam, Maman Godiya tana da kabari da take kuka a kai. Ni da safe in na buɗe akwatin nan, akwai abin da yake jira na. In na yi latti ruwan ya canja launi, na san yunwa suke ji. Lokacin da Godiya take da rai ban iya yi mata komai ba, ni da nake gwada jinin mutane. Yanzu kuwa abin da suke so na san shi, kuma ina iya ba su. In na gama, ran Lahadi ina zan je?"

Na ce masa ban san amsar wannan ba. Abin da na sani shi ne akwai mace a Lambata da take kwana tana tashi da zaton ita ta kashe 'yarta, kuma abin da zai sauke mata wannan nauyi yana hannunsa tun kafin azumi. Da muka sauka a tasha ya riƙe mini hannu muka tsallaka titi, kamar yadda ya saba.

Bai yanke shawara a ranar ba, bai kuma yanke washegari ba. Sai da motocin sabuwar doya suka fara shigowa kasuwa, sannan wata Asabar ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da ambulan a hannu, ya ce in raka shi. A Lambata ya shimfiɗa hoton jel ɗin a kan bencin Ɗanlami, ya danne gefensa da ƙaramar doya saboda iska. Ya yi wa Ladi bayani da maɓallai da riguna, kamar yadda ya yi mini. Ya gaya mata rabin ciwon daga jikinsa ya fito, rabi daga nata, kuma babu wanda ya san yana ɗauke da shi. Bai ɓoye mata ba cewa duk cikin da za su sake samu yana iya zuwa da ciwon, ko da yake fatan samun mai lafiya ya fi yawa.

Ladi ta goge hannunta a zane, ta ɗora yatsa a kan tsanin da ya dushe.

"Wannan ita ce?"

"Ita ce."

"Wannan mai hasken kuma kai ne? To in kana da rabi, me ya sa kake haske?"

"Rabin da ya rage mini yana aiki. Ke ma da an gwada naki haka zai yi haske."

"Gwaggonninka sun sani?"

"Na gaya musu a waya. Zan je in maimaita a gaban kowa."

Ɗanlami ya karkata kai yana duban hoton. "Wato ku biyu kuka haɗa hannu ke nan. To ai shi ke nan, kowa ya riƙe bakinsa." Ya juya ya shiga gyara tarin doyar da ba ta buƙatar gyara.

Ladi ta ce, "Na ji. Ina 'yata?"

Akwai sauran magana a wurin aiki. Ban da kwalbar da yake ciyarwa, an daskarar da wasu ƙwayoyin a ƙananan bututu cikin sanyi mai tsanani, inda za su iya shekaru. Dakta Rahmatu ta so a bar mata ko ɗaya, domin a cewarta akwai yara da yawa a ƙasar nan masu irin wannan ciwo da ba a gane ba. Amma ta ce haƙƙin iyaye ne, kuma ba za ta riƙe abin da uwa ba ta yarda ba. Joshuwa ya kai wa Ladi roƙon. Ta ce hotuna da rubutu a riƙe, a taimaki 'ya'yan wasu da su, amma nama na ƙasa ne. Shi da kansa ya zuba maganin da ya tsai da ƙwayoyin, domin ba a fita da su daga ɗakin da rai. Dakta ta gaya mini ya nemi kowa ya fita kafin ya yi, kuma da tasa kwalbar ya fara.

Aka yi binnewar wata Alhamis da hantsi. Ladi ta zo daga Lambata tun da safe, ta yaye zanen da ke kan kekenta, ta sa masa mai, ta ɗinka wata 'yar farar jaka wadda ba ta fi tafin hannu ba. A cikinta aka sa abin da ya rage. Mu kaɗan ne: su biyu, da fastonsu, da Ɗanlami riƙe da fartanya, sai ni da na tsaya daga gefe. Sababbin gidaje sun matso har jikin katangar maƙabartar, ana jin ƙarar masu buga bulo. Ɗanlami ya haƙa ɗan rami a gefen kabarin ta wajen kai. Fasto ya yi addu'a gajeriya. Joshuwa ya durƙusa da jakar a hannunsa, ya kasa sakin ta, har sai da Ladi ta durƙusa kusa da shi ta ɗora hannunta a kan nasa, suka saka ta tare.

Ta cika alkawarinta. Da yamma Ɗanlami ya aiko da kayanta a keke napep, da doya uku a kai. Hoton jel ɗin ta karɓe shi, ta sa a cikin Littafinta Mai Tsarki tare da hoton yarinyar. Ba zan ce gidan ya koma yadda yake a da ba. Ƙarar keke ta dawo, amma sukan zauna a baranda su daɗe babu mai cewa komai, kuma har yanzu ban ji sun yi maganar wata haihuwa ba.

Lahadin da ta biyo baya, bayan sun dawo daga coci, ina zaune a ƙarƙashin mangwaro sai na ga Joshuwa ya fito da jakarsa a kafaɗa. Ya gaishe ni, ya nufi ƙofar gida, ya kama marfin. A nan ya tsaya. Keke napep ya rage gudu, direban ya yi masa hon yana tambayar ko tasha za shi, ya gaji ya wuce. Shi dai yana tsaye da hannu a kan ƙofa, yana kallon titi. Ladi ta fito daga kicin da kwano, ta gan shi, ita ma ta tsaya. Sannan ta ce, "Baban Godiya, abinci zai huce."

Ya sauke jakar daga kafaɗarsa, ya riƙe ta a hannu na ɗan lokaci kamar bai san inda ake ajiye ta ba. Daga baya ya rataye ta a ƙusar baranda, kusa da keken, ya je ya wanke hannu.